Yadda Ake Gina Taurarin Labarin Binciken Kisa da Aka Kafa a Zamanin Da

Akwai gwajin da nake yi wa duk tauraron da na ƙirƙira kafin in yarda ya shiga babi na farko. Nakan ɗauke shi daga shekararsa in dire shi a yau, in miƙa masa waya da katin banki. Idan sirrinsa bai lalace ba, tsoronsa bai gushe ba, kuma dalilin da ya sa ya yi wa mai bincike ƙarya yana nan daram, to aikina bai ƙare ba. Ɗan zamani ne kawai na ɗinka wa tsohuwar riga. A irin wannan labari, zamanin ne ke ba mutum abin da zai ɓoye, shi ne kuma ke ɗaure hannun wanda zai tono. Duk matakan da ke tafe a kan wannan suka ginu.

Don kada mu yi ta magana a iska, zan riƙe misali guda har ƙarshe: wani gari mai masaƙu a arewacin Ingila, shekarar 1849, an wayi gari mai masaƙa ya mutu bayan kwana biyu yana amai da gudawa. Mutanen cikinsa duk ƙirƙira ce, amma dokoki da yanayin da zan ambata na gaske ne.

Mataki na farko: tsayar da shekara kafin ka raɗa wa kowa suna

Kada ka ce "ƙarni na 19" ka wuce. Ƙarni shekara ɗari ne, kuma a harkar bincike shekara biyar ma tana canza komai. Dubi misalinmu. A 1848 zuwa 1849 annobar kwalara ta ratsa Ingila, kuma alamomin wanda ya sha gubar asenik sun yi kama da na kwalara sosai: amai, gudawa, murɗar ciki. A lokacin kowa na iya shiga kanti ya sayi asenik da sunan maganin ɓera, ba mai rubuta sunansa. Sai a 1851 aka yi dokar da ta tilasta wa mai kanti rubuta cinikin a littafi, mai saye ya sa hannu, a kuma gauraya garin da baƙin hayaƙi ko shuni don kada ya saje da abinci. Ta ɗaya gefen kuma, tun 1836 wani masanin kimiyya, James Marsh, ya fito da gwajin da ke gano asenik ko da kaɗan ne a jikin gawa, kuma shari'ar Marie Lafarge, wadda aka tuhuma da kashe mijinta da asenik a Faransa a 1840, ta sa labarin gwajin ya karaɗe jaridu.

Ka ga abin da shekarar ta ba ka kyauta. Mai kisa yana da mafaka, wato annoba. Yana da makami mai sauƙin samu. Amma yana da abin tsoro idan wani ya nace a buɗe gawar. Matsar da labarin zuwa 1830, tsoron ya ragu ƙwarai. Matsar da shi zuwa 1855, akwai littafin mai kanti da sa hannu a ciki, labarin ya koma na wanda ya yi sa hannun ƙarya.

Kafin ka ci gaba, ka samo amsar tambaya uku game da shekararka, ka rubuta su a takarda guda. Me ba za a iya ganowa ba? Wa ke da hurumin tambayar wa? Me ke kassara mutum ya rasa aiki, aure ko mutunci? Ta farko tana da saurin amsawa: ba a fara kama mai kisa da zanen yatsa ba sai 1892 a Ajantina, ta hanyar tsarin Juan Vucetich, kuma sai 1901 Paul Uhlenhuth ya fito da gwajin da ke bambanta jinin mutum da na dabba. Saboda haka a 1849 mahauci na iya cewa jinin da ke rigarsa na rago ne, ba mai ƙaryata shi da hujjar kimiyya. Sauran tambayoyin biyu kuwa su ne taurarinka baki ɗaya.

Mataki na biyu: fara da mamacin

Sabbin marubuta sukan bar mamaci a matsayin gawa kawai, a kwantar da shi a shafi na uku a manta. Kuskure ne babba, domin duk sauran taurari da igiyarsa aka ɗaure su. Rubuta tarihinsa kamar shi ne babban tauraro: wa yake ciyarwa, wa yake bi bashi, wa ya san asirinsa, asirin wa ya sani. Sannan ka rubuta kwanakinsa bakwai na ƙarshe rana-rana, da wanda ya gani da abin da ya ce. Mai karatu ba zai ga wannan takarda ba, amma daga cikinta kowace shaida za ta fito.

Abu ɗaya nake nacewa a kai: a samu aƙalla mutum guda da ya yi kukansa da gaske. Idan kowa a garin ya tsane shi, mutuwarsa ba ta da nauyi, mai karatu ma zai ce Allah ya raka taki gona. Mai masaƙarmu mai tsanani ne ga ma'aikata, yana yanke albashin wanda ya makara, amma shi ne ke biyan kuɗin makarantar wata yarinya a ɓoye. Me ya sa? Amsar ita ce ta farko cikin asiran labarin. Kuma kowane mai ba da shaida zai siffanta shi daban, har mai bincike ya ji kamar mutum huɗu aka kashe.

Mataki na uku: mai bincike, da wa ya ba shi izini

A nan zan daɗe, domin a nan labarai da yawa ke faɗuwa.

Tambayar farko ba "yaya basirarsa take" ba ce. Tambayar ita ce: da wane hurumi yake ƙwanƙwasa ƙofar mutane, kuma wace ƙofa ce ba za a buɗe masa ba? A Landan an kafa rundunar 'yan sanda ta zamani a 1829 ƙarƙashin Robert Peel, amma sashen bincike na farin kaya bai samu ba sai 1842, kuma da mutum takwas kacal ya fara. Jama'a da yawa na kallon ɗan sanda marar kaki a matsayin ɗan leƙen asiri. Ba a tilasta wa dukkan gundumomin Ingila kafa 'yan sanda ba sai 1856. To, a garinmu na 1849, idan ka kawo ƙwararren jami'i mai ofis da mataimaka da jakar kayan aiki, ka yi wa tarihi ƙarya tun kafin a je ko'ina. Abin da ke akwai shi ne jami'in binciken mutuwar da ba a gane kanta ba, wanda ke tara masu taimaka masa yanke hukunci daga mutanen gari, sau da yawa a ɗakin mashaya, su je su ga gawa da idonsu, su saurari shaidu.

Wasu wurare da zamunna suna ba ka mai bincike da matsalarsa a haɗe. A ƙasar Sin zamanin daular Cing, mai mulkin gunduma shi ne mai bincike, shi ne alƙali, kuma doka ta hana a tura shi lardinsa na haihuwa. Ma'ana baƙo ne, sau da yawa ba ya jin karin harshen mutanen da yake yi wa shari'a, dole ya dogara da magatakarda da 'yan aike waɗanda 'yan gari ne, masu dangi da abokai da bashi a cikin garin. Ba a mugun sarki sai mugun bafade, in ji masu magana, ga shi nan an shimfiɗa maka. A Faris kuma, Vidocq wanda ya kafa rundunar binciken sirri wajen 1812 tsohon fursuna ne, kuma tsofaffin masu laifi ya ɗauka aiki. A Shikago a 1856 kamfanin bincike na Pinkerton ya ɗauki Kate Warne, mace, domin tana iya shiga inda namiji ba ya shiga ta ji abin da mata ba sa faɗa a gabansa. Kowane ɗayansu yana da ƙofar da ke buɗe masa da wadda ke rufe, kuma daga nan halinsa ke tsirowa.

Ga misalinmu, na zaɓi yaron kantin magani, ɗan shekara ashirin da 'yan kai, mai koyon sana'a. Dalilina uku ne. Ya san guba saboda aikinsa, ba saboda baiwa daga sama ba. Yana kai magani gidaje, don haka yana shiga ta ƙofar baya, ta madafa, inda 'yan aiki ke hira, amma ba zai taɓa zama a falo ya yi wa uwargida tambaya ba. Na ukun shi ne mafi muhimmanci: shi da hannunsa ya auna asenik ya sayar sau uku a wannan watan, kuma bai tuna fuskar mutum na uku ba. Idan aka buɗe gawa aka ga guba, kantin maigidansa za a fara zuwa. Idan ya yi shiru, ya zauna da abin a ransa har abada. Yanzu yana da dalilin bincike, yana da dalilin tsoron sakamakon binciken. Mai binciken da ba abin da zai rasa, na'urar warware lissafi ce kawai.

Daga nan sai ka iyakance iliminsa. Wannan ne wurin da na taɓa yin tuntuɓe. A wani rubutuna na farko, na sa mai bincikena yana wanke hannu kafin ya taɓa rauni, yana zargin ruwan sha, yana ƙin duk wani camfi, yana da ra'ayin da ya dace da na mai karatun yau a kan komai. Wanda ya duba mini rubutun ya rubuta a gefen shafi: "Wannan wace shekara aka haife shi?" Gaskiya ya faɗa. A 1849 yawancin likitoci sun yi imani gurɓatacciyar iska mai wari ce ke kawo kwalara. Wani likita, John Snow, ya wallafa ra'ayinsa na cewa ta ruwa take yaɗuwa a wannan shekarar, amma 'yan kaɗan suka saurare shi. Yaronmu, in dai ɗan zamaninsa ne, da warin kwata zai fara zargi. Ka bar shi ya yi kuskuren zamaninsa. Ka ba shi izinin wuce mutanensa a abu ɗaya tak, kuma ka nuna inda ya samo shi da abin da ya jawo masa.

Basirar da ta dace da zamani ba ta buƙatar na'ura. Song Ci, wani jami'in shari'a na Sin, ya rubuta littafin duba gawa a 1247, a ciki ya kawo labarin kisan da aka yi da lauje: mai bincike ya sa mutanen ƙauye suka jera laujunansu a rana, sai ƙudaje suka taru a kan guda ɗaya duk da an wanke shi. Irin wannan lura kake nema wa tauraronka, wadda ke fitowa daga abin da idonsa ya saba gani. Yaron kanti zai lura cewa kwalara ta fi cin unguwannin ma'aikata inda ake cunkushe, amma a gidan mai masaƙa mutum ɗaya ta ɗauka ta bar tara.

Mataki na huɗu: waɗanda ake zargi, kowa da abin da yake rufewa

Mutum huɗu zuwa shida sun isa. Ƙa'idar da nake bi ita ce kowa ya yi ƙarya, amma mutum ɗaya ne ke yin ta saboda kisan. Sauran suna kare wani abu daban, kuma abin nan dole ya zama na zamanin. Koma ga tambayarka ta uku: me ke kassara mutum?

Uwargida. A Ingila ta 1849, abin da mace ta mallaka na kuɗi da kaya yakan koma hannun miji da zarar an ɗaura aure, in ba an yi wata yarjejeniya ta musamman ba, kuma haka abin ya ci gaba har dokokin dukiyar matan aure na 1870 da 1882. Rabuwar aure kuwa kafin 1857 sai da dokar majalisa ta musamman, abin da sai masu hannu da shuni ƙwarai. Mace da ke cikin auren ƙunci ba ta da ƙofar fita sai takaba, kuma kowa a garin ya san haka, shi ya sa idanu za su koma kanta. Sirrinta dai shi ne tana sayar da 'yan kayan adonta a ɓoye tana aika wa ƙaninta da ke gudun masu bin sa bashi.

'Yar aiki. Abin da ta fi tsoro a duniya shi ne a kore ta ba tare da takardar shaidar hali ba, domin ba gidan da zai ɗauke ta, kuma bayan haka sai gidan matalauta da dokar 1834 ta tsananta. Tana da ɗa da ta haifa ba aure, wata tsohuwa ke riƙe mata a wani ƙauye. Daren da maigida ya fara ciwo ba ta gidan.

Likitan gidan. Shi ya ce kwalara ce. Idan ta tabbata guba ce, sunansa ya ɓaci a wurin masu kuɗin da ke ciyar da shi. Bai kashe kowa ba, amma zai yi duk abin da zai iya don a bar kaza cikin gashinta.

Ka lura ba wanda ke cikinsu da sirrinsa zai tsira daga gwajin da na faɗa da farko. Ka kawo su yau, uwargida ta je kotu, 'yar aiki ta nemi wani aiki, asiran sun narke. Haka ake so.

Wani lokaci dokar zamani takan mayar da unguwa guda ta zama tauraro. A fiƙihun Hanafiyya, wanda kotunan Daular Usmaniyya ke bi, idan aka tsinci gawa da alamar kisa a wata unguwa ba a san mai kisan ba, ana iya sa mutum hamsin daga mazaunanta su rantse ba su kashe ba kuma ba su san wanda ya kashe ba, sannan diyya ta hau kansu. Wanda ya kafa labarinsa a Santambul na wancan lokaci ya samu dalilin da zai sa mutanen kirki, limami da mai shago da dattijo, su ja gawa cikin dare su kai ta layin maƙwabta. Ba su yi kisa ba, amma duk sun ɓata wurin.

Bayan ka ba kowa sirrinsa, ka ba shi yadda yake ƙarya. Wani yakan yi surutu ya cika ka da bayanin da ba ka tambaya ba. Wani yakan fusata. Wani yakan amsa tambayar da ba ita aka yi masa ba. Ga yadda 'yar aikin za ta yi, lokacin da yaron kanti ya tarar da ita tana goge tukunya:

"Daren Talata wa ya kai wa maigida ruwan zafi?"

"Kullum ni ke kaiwa." Ba ta ɗago ba.

"Na sani. Daren Talata nake tambaya."

"Shekara uku ina gidan nan, ko cokali bai taɓa ɓata a hannuna ba. Ka tambayi uwargida."

Ta ci gaba da goge wurin da ya riga ya yi ƙyalli.

Ba ta yi ƙarya ko ɗaya ba, ba ta kuma amsa ba. Mai karatu zai ɗauka ita ce, alhali aikinta take karewa. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as, ko da kazar ba ita ake nema ba.

Mataki na biyar: mai kisan

Ka gina shi da irin kulawar da ka gina mai bincike, ka kuma shigo da shi da wuri, cikin kashi ɗaya bisa huɗu na farkon littafin. Mai kisan da ya ɓullo a babi na ƙarshe cin amanar mai karatu ne.

Abu biyu nake rubutawa game da shi. Na farko, labarin da yake ba kansa da dare don ya iya barci, domin da wuya mutum ya kira kansa mugu. A misalinmu magatakardan masaƙar ne, wanda ya yi shekara ashirin yana riƙe littafin kuɗi, ya ɗan taɓa asusu don jinyar matarsa da niyyar mayarwa, sai maigida ya gano ya ce zai kai shi gaban hukuma. A lokacin irin wannan laifi na iya kai mutum ga kora zuwa Ostareliya, iyalinsa kuma su faɗa gidan matalauta. A ransa ba kisa ya yi ba, 'ya'yansa ya ceta.

Na biyu, kuskurensa. Dole ya fito daga halinsa, ba daga sa'ar mai bincike ba. Mutumin da ya yi shekara ashirin yana rubuta kowane kwabo ba zai iya kashe kuɗi bai rubuta ba. Hali zanen dutse. A ƙaramin littafin aljihunsa akwai layi guda: maganin ɓera, da kwanan wata. Ka nuna wannan ɗabi'a tun babi na biyu a matsayin abin dariya, yana rubuta kuɗin kyandir, mutane na yi masa tsiya. Idan ta dawo a ƙarshe, mai karatu zai dafe kai ya ce ai na gani.

Akwai kuma kuskuren da zamani ke jawowa, wato mai laifi ya yi lissafi da duniyar jiya. A ranar 1 ga Janairu 1845 John Tawell ya kashe wata mata da guba kusa da garin Slough ya hau jirgin ƙasa zuwa Landan, yana ganin ba abin da ya fi jirgi sauri. Aka aika siffarsa ta wayar tangaraho, saƙon ya riga shi isa tashar Paddington. Duk shekarar da ka zaɓa, ka nemi sabon abin da ya shigo wanda tsofaffi ba su gama fahimta ba.

Mataki na shida: sa musu baki

Ba za ka iya rubuta ainihin maganar mutanen da ba, kuma ko ka iya, mai karatu zai gaji. Abin da ake yi shi ne a rubuta da harshe mai sauƙi, a cire duk kalma da kwatancen da zamanin bai sani ba, sannan a riƙe tsarin girma da ƙasƙanci sosai. Wa ke kiran wa da suna? Wa ke tsayawa idan wani ya shigo? Wa ba ya fara magana sai an yi masa? Yaron kanti ba zai ce wa likita "ƙarya kake" ba. Zai ce, "Yallaɓai, wataƙila ni ne ban fahimta ba, amma a gidan ba wanda ya kamu sai shi." Zargin yana ciki, ladabin yana waje, kuma tazarar da ke tsakaninsu ita ce daɗin wurin.

Kwatancen kowa ya fito daga sana'arsa. Masaƙi zai ce magana ta warware kamar zare, mai kanti zai auna mutum kamar a ma'auni. Kada wanda bai taɓa ganin lantarki ba ya ce abu ya ja shi kamar wutar lantarki.

Inda za ka ji muryar talakan da, bayanan kotu ne. Littattafan tarihi sun fi kawo maganar sarakuna, amma a kotu ne mai wanki da ɗan dako suka yi magana aka rubuta. Bayanan shari'o'in kotun Old Bailey ta Landan daga 1674 zuwa 1913, kusan shari'a dubu 200, suna intanet kyauta. Kotunan alƙalan Usmaniyya ma sun bar rijistoci masu yawa. Ka karanta shari'a goma daga shekarunka, kana lura da yadda shaidu ke faɗin lokaci, da abin da suke ɗauka ba sai an bayyana ba. A nan ma za ka tsinci ƙa'idoji masu canza labari, misali a Ingila wanda ake tuhuma bai samu cikakken 'yancin ba da shaida bisa rantsuwa a shari'arsa ba sai 1898. Idan ka rubuta babin da uwargida ta hau akwatin shaida a 1849 ta rantse ta wanke kanta, ka rubuta abin da ba ya faruwa.

Mataki na bakwai: mutanen tarihi na gaske

A taƙaice: ka bar su a gefe. Su wuce a keken doki, a karanta sunansu a jarida, a yi gardama a kansu a mashaya. Kada ka ɗora wa mutumin da ya rayu da gaske kisan da bai yi ba, kuma kada ka sa shi a garin da tarihi ya nuna ba ya nan a ranar. Idan kana buƙatar babban mutum ya yi mugun abu, ƙirƙiri naka.

Mataki na takwas: takardar wa ya san me

Kafin ka fara rubuta babi, ka ja layi a babbar takarda. Sunaye a gefe, a sama kuma abu biyar: inda yake da gaske a daren, inda ya ce yake, abin da ya gani, abin da yake zaton ya gani, da wanda yake karewa. Layi na huɗu da na biyar su ne masu albarka. 'Yar aiki ta dawo da asuba ta ga haske a ɗakin karatu, ta ɗauka uwargida ce, sai ta yi shiru don kare matar da ta taɓa rufa mata asiri. Uwargida ta ji ƙofar baya ta buɗe, ta san 'yar aiki ce, ita ma ta yi shiru. Kowace na kare ɗayar daga laifin da ba wadda ta aikata, magatakarda kuma yana tsakiya ba wanda ya waiwaye shi.

Ka tuna lokaci a wurinsu ba na agogon hannu ba ne. Yawancin shaidunka za su ce "bayan ƙararrawar masaƙa" ko "kafin a kashe fitilun titi", kuma agogon gari da na tashar jirgi na iya saɓawa da 'yan mintuna, tunda Birtaniya ba ta mayar da lokaci guda ya zama doka ba sai 1880. Saɓanin shaidu biyu na iya zama na agogo, ba na gaskiya ba, kuma mai bincikenka na iya ɓata babi uku yana zargin wanda bai yi ƙarya ba.

Idan ka gama daftarin farko, ka sake karanta shi sau ɗaya domin kowane tauraro, kana bin wuraren da ya fito kawai. A kowane wuri ka tambaya: me yake so a nan, me ya sani zuwa yanzu, me ya hana shi faɗa? Duk inda amsar ta zama "saboda marubuci yana so a kai babi na ashirin", ka sa alama da jan biro, ka koma takardar shekararka ka nemo masa dalili daga can. A nawa daftarin, likitan ne ya fi shan jan biro, sai da na ba shi bashin da mamacin ke bin sa kafin shirunsa ya tsaya da ƙafarsa.